Ƙaninki Yana Rabar da Kayansa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya jikin maigidanki Malam? Allah ya ƙara masa sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan jinya. 'Yarki Maɓalli tana gaishe ki, ta ce in gaya miki haƙorinta na gaba ya fita.

Yaya, na san kunnenki da waya ba sa shiri, maganar da ke bakina kuma ba ta ɗaga murya ba ce. Shi ya sa na rubuto na ba direban motar garinku. Don Allah kada ƙaninki ya san na rubuto.

Ƙaninki yana rabar da kayansa.

Abin ya fara ne bayan ruwan farko na daminar nan. Ya dawo daga aiki, ko takalmi bai cire ba, ya buɗe kabad ya dinga fito da riguna yana zubawa a kan gado. Na ɗauka wanki zai ba ni. Sai ya ware uku ya mayar, sauran ya ƙulle a tsohon zani ya kai wa masu gadin layinmu. Na ce, "Har da shuɗiyar da na ɗinka maka?" Ya ce, "Ai ita na fara warewa." Na yi dariya a lokacin. Yanzu ba na dariya.

Daga riguna ya koma takalma. Daga nan sai kwalin matattun wayoyi da cajoji, ya kai wa mai gyara kyauta. Tsohon firijin nan da ya shekara da shekaru a barandar baya ana cewa za a gyara, ya kira mai ƙarfe ya ɗauke. Fanka ta biyu ta tafi. Talabijin ɗin ɗakin kwana ya tafi. Yaya, kin fi ni sanin mutumin nan. Tun da ya fara tuƙa motar shara, ba ya dawowa gida hannu rabbana, kullum da abin da ya tsinto yana cewa, "Wannan gyara kaɗan yake so." To shi ne yau ko leda ba ya karɓa. Ran nan mai kanti ya sa masa sabulu a leda, ya juye ya miƙa masa ledarsa, ya rungumo sabulun a ƙirji kamar jariri, yaran layi suna kallonsa. Da ya shigo ya ce in ɗinka masa jaka da ragowar yadi. Na ɗinka, ya yi ta godiya kamar na ba shi mota.

Da a nan abin ya tsaya da ban dame ki ba. Shekaranjiya ya ba abokin aikinsa agogon Babanku. Jiya kuma ya zaunar da ni ya nuna mini inda takardun haihuwa da na asibiti suke. Ya ja ni wajen mita ya koya mini yadda ake kashe wutar gidan gaba ɗaya, ya sa na yi da hannuna. Na ce, "Ina za ka da kake koya mini wannan?" Ya ce, "Babu ko'ina." Bai kalle ni ba.

Maƙwabciyata, Maman 'Yan Biyu, ta ce haka wani kawunta ya yi. Ya rabar da komai yana fara'a, mutane suna yaba masa kyauta, sai gawarsa aka gani. Tun da ta faɗa kunnena na kan ƙofa. Ina kan keke ina ɗinki, da na ji an taɓa ƙofa sai allura ta shige mini yatsa. Ga ciki ya tsufa, ga Maɓalli ba ta san komai ba. Yaya, ki gaya mini abin da zan yi.

Ki gaida Malam. Na bar ki lafiya.

Matar ƙaninki,
Tela

*

Tela, ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Malam yana nan yadda kika sani, baki yana aiki, jiki ya ƙi. Ki ce wa Maɓalli ta daina tura harshe a giɓin.

Na karanta takardarki a tsaye, na sake karantawa a zaune. Ba zan yi miki daɗin baki ba. Shekarun da na yi ina aikin jinya na ga masu irin wannan. Wasu ba komai ba ne, kai ne ya yi musu nauyi suka sauke. Wasu kuma komai ne. Ban san wanne ne Auta ba, amma agogon Baba ya tsaya mini a rai. Yaron da yana ƙarami ko murfin kwalba ba ya yarwa! Inna ta taɓa ɗaga katifarsa ta samu abin da ya cika baho.

Ga abin da za ki yi. Idan akwai maganin ɓera ko na ƙwari a gidan, ki kai wa maƙwabciyarki ajiya, amma kada ki gaya mata dalili, don na lura bakinta ba shi da ƙofa. Ki lura ko yana ci, ko yana barci, ko yana wasa da Maɓalli kamar da. Kada ki yi masa faɗa. Kada kuma ki yi ta kuka a gabansa, namiji irin Auta idan ya ga hawaye ƙara rufewa yake yi.

Da zan iya da tuni ina hanya. Amma wa zai juya mini Malam? Ko yini ɗaya aka bar shi a gefe guda bayansa ya fara ciwo.

Zan rubuta masa da kaina, ba zan ambaci sunanki ba. Ga kwalaye biyu nan na haɗo miki na kayan jariri: baho, riguna, bargo, kwalaben madara, da wasu 'yan kayan wasa na roba da na gani a kasuwa suka ba ni sha'awa. Ki ci abinci. Wanda ke cikin nan bai san ana tashin hankali ba.

Yayarki

*

Auta,

Ina gaishe ka, in kana da lokacin amsa gaisuwar tsofaffi.

An ga agogon Baba a hannun wani ƙato da ba danginmu ba. Kada ka tambaye ni wa ya gani. An kuma ce gidanka ya koma kamar na wanda ɓarayi suka ziyarta.

Ni na goya ka, ni na wanke maka kashi, saboda haka ba zan yi maka kwana-kwana ba. Kana tunanin kashe kanka ne? Ko likita ya gaya maka wani abu da kake ɓoyewa? Ka amsa mini a motar gobe. In ba ka amsa ba, wallahi zan ɗora Malam a bayana in zo, kai kuma ka ɗauki alhakinsa.

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Malam. Ki bar shi a gadonsa.

Ba mutuwa nake nema ba. Ita nake gudu.

Ba ki taɓa ganin jujin da muke zuba shara ba. Lokacin da na fara aiki rami ne. Yanzu tudu ne, ya fi tankin ruwan unguwa tsayi, muna hawansa da mota kamar ana hawan dutse. A gindinsa ta yamma akwai rumfunan masu tsince-tsince, da matansu da 'ya'yansu. Akwai wata Inna da ke sayar mana da shayi, ta san yadda kowane direba ke shan nasa.

Ranar ruwan farko ina saman tudun, na gama juye kaya ke nan. Na ji ƙasa ta yi wani irin nishi a ƙarƙashin mota. Na leƙa ta taga sai na ga gefen yamma yana tafiya. Ba da gudu ba, Yaya. A hankali, kamar mutum ya zauna. Kafin in sauko babu rumfa ko ɗaya.

Mun yi kwanaki muna tono da hannu, don katafila za ta iya taka mai rai. Na ce wa Tela aikin ƙari aka ba mu. Abin da ya hana ni barci shi ne abin da muke tonowa. Ba ƙasa ba ce. Takalma ne. Bokitai, fankoki, kujerun roba, katifu, riguna wasu ko sa su ba a yi ba, 'yar tsana mai ido ɗaya, leda kan leda kan leda. Inna Mai Shayi mun same ta ƙarƙashin murfin firiji da katifu. Ba abin da ke kanta da ba za ki samu irinsa a gidan kowa ba.

Da na dawo gida na kwanta, na ɗaga ido na ga akwatuna jere a kan kabad, a saitin kanmu. Na duba ɗakin. Sai na ga duk irin sharar nan ce, motarmu ce kawai ba ta zo ɗauka ba tukuna. Tun daga ranar ba na iya kwana a inda aka tara kaya sama da kaina.

Na san rigunana ba za su rage tsayin tudun ba. Ni ba mahaukaci ba ne. Amma kullum ni ke kai masa abinci da motata, ba zan kuma dawo gida in dafa masa wani ba. Abin da nake amfani da shi na riƙe. Abin da wani zai mora na ba shi tun yana da amfani. Agogon Baba yana cikin aljihun tebur ba mai ɗaura shi, na abokina kuma ya mutu. Ki yafe mini da ban tambaye ki ba. Kuma zan gaya miki gaskiya, da ɗakin ya yi fili na samu wurin shimfiɗa tabarma, ni da Maɓalli muna kwanciya muna hira. Wannan ne kaɗai abin da ke mini daɗi yanzu.

Ga wadda ta fi. Tudun ya tsage ta gabas. Tsagar tana ƙara buɗewa, jiya na sa sanda ta shige duka. A gindin wannan gefen babbar magudanar ruwa take, wadda ke gangarowa ta bi ta bayan layinmu. Idan ya zame ya toshe ta ana ruwa, duk ruwan saman gari unguwarmu zai nufa. Na gaya wa oga. Ya zo ya gani, ya rubuta wa na sama da shi. Amma shara ba ta daina zuwa, kuma babu wani wurin zubawa. Na gaya wa mazan layinmu, suka ce tun da aka haife su ruwa bai taɓa haura dakali ba.

Kada ki gaya wa Tela. Kin san yadda jininta ya hau a cikin Maɓalli. Zan lallaɓa ta ta zo wurinki kafin ruwa ya yi ƙarfi.

Ƙaninki,
Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Na gode da kwalaye, Allah ya saka da alheri.

Na yi duk abin da kika ce. Yana ci kaɗan. Yana wasa da Maɓalli. Amma ya bar ɗakin kwana, ya koma falo a tabarma.

Da kwalayenki suka iso ya tsaya a kansu ya daɗe. Ya ɗago agwagwar roba ya juya ta, ya ajiye a hankali kamar za ta cije shi. Ya ce, "Jariri ɗaya, ga bahon Maɓalli lafiyarsa ƙalau, me za a yi da na biyu?" Na ce, "Kyautar yayarka ce, ka je ka tambaye ta." Sai ya ce in taimaka masa mu sauke akwatunana daga kan kabad, mu duba abin da ba na amfani da shi. Da buhunan ƙyallaye. Da kulolin da ban taɓa zuba musu abinci ba.

Yaya, kin ce kada in yi faɗa. Na yi. Na ce, "Naka ka rabar ban ce uffan ba. Waɗannan da ciwon bayana na same su, ɗinki ɗaya bayan ɗaya. Ni da na tashi gidan da muke shan ruwa a kofi guda, yau Allah ya ba ni, za ka mayar da ni inda na fito?" Ya ce, "Ba haka nake nufi ba." Na ce, "To me kake nufi? Faɗa mini!" Sai ya juya ya fita.

Yanzu akwai wata jaka da ya rataye a bayan ƙofa. Na buɗe da ya fita. Takardunmu ne a ciki, da tocila, da katin awona, da rigar sanyin Maɓalli. Da hadari ya taso sai ya zagaya bayan gida ya tsaya bakin magudanar ruwa yana kallon ciki. Jiya na leƙa ta taga na gan shi a tsaye a bakin gaɓar, yatsun ƙafarsa a kan siminti. Na kasa kiransa don kada ya firgita ya faɗa. Na dafe bango har ya juyo.

Da safiyar nan ya ce in shirya in tafi wurinki da Maɓalli, in zauna har in haihu. Na ce shi fa? Ya ce shi yana da aiki.

Yaya, kaya sun ƙare. Yanzu mu ne muka rage a rabar. So yake ya kawar da mu daga gidan don ya yi abin da zai yi ba mai hana shi. Ba inda za ni.

Taki,
Tela

*

Tela,

Ba gaisuwa yau, direba yana jira a ƙofa da injin a kunne.

Ku biyun nan kun mayar da ni akwatin ajiya, kowa ya sa nasa ya ce kada in buɗe wa ɗaya. To na buɗe. Mijinki ba kashe kansa zai yi ba. Yana saman juji ranar da ya zame ya danne mutane, shi ya tono su da hannunsa, abin ne ya shiga ransa. Yanzu tudun ya sake tsagewa ta gefen magudanar da ke bayan gidanku, yana tsoron ya toshe ta ruwa ya ci layinku. Abin da yake kallo a bakin gaɓa ke nan, tsayin ruwa. Ya ɓoye miki ne saboda jininki. Ni kuma na ga tsoron da kike ciki ya fi gaskiyar haɗari.

Ki same shi ki ce kin sani. Sannan ki ɗauko Maɓalli ki shigo motar gobe. Kayan jikinki da jakar bayan ƙofa sun isa. Na share muku ɗakin baya. Kwalayen da na aiko kuwa, ki ba duk wadda ta haihu a layinku, ni ce ban yi tunani ba.

Gobe, Tela. Ba jibi ba.

Yayarki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Daga makarantar kan tudu nake rubuto miki, a aji na sama, a kan bencin yara. Ni da Maɓalli muna raye. Ƙaninki ban san inda yake ba.

Da na karanta takardarki na jira ya dawo. Na ce, "Na sani." Ya zauna a ƙasa a inda yake tsaye, ya rufe fuska da hula. Ban taɓa jin kukansa ba sai ranar. Muka shirya. Na ce zan tafi.

Amma ban shigo motar gobe ba, Yaya. Na ce idan ruwa zai zo, ai ba zan bar masa kayana ba. Ɗan kawuna ya yi alkawarin kawo motarsa ƙarshen mako ya kwashe mini. Na sauke akwatunan, na ɗaure kuloli, na cusa ƙyallaye a buhuna, na jera su duka a falo kusa da ƙofa don a ji daɗin lodi. Ƙaninki ya ce, "Ki tafi, zan biyo ki da su." Na ce saura kaɗan.

Ran Alhamis tun safe ake ruwa. Ya fita aiki, ya dawo daga bakin ƙofa ya shafa kan Maɓalli, ya ce mini, "In kin ji wari ya canza, kada ki tsaya ɗaukar komai." Bayan azahar ina yanka yadi sai muka ji wata ƙara daga nesa, ba irin ta tsawa ba, doguwa, har tagogi suka amsa. Aka yi shiru. Na leƙa baya na ga ruwan magudanar ya ja, ya kusa ƙafewa, alhali ana ta zuba ruwan sama. Maman 'Yan Biyu ta leƙo ta katanga tana dariya, ta ce, "Kin gani ko? Mijinki da tsoro!"

Sai warin ya zo.

Ta banɗaki ruwan ya fara shigowa, baƙi ƙirin. Na ruga na kashe wuta a mita. Kafin in dawo ya kai mini idon sawu, kafin in ɗaure Maɓalli a baya ya kai gwiwa. Ba daga magudanar ya zo ba, ta kan titi ya gangaro, ya kewaye inda ya toshe. Na kama ƙofar falo na ja, ta ƙi. Kayana ne, Yaya. Ruwa ya ɗaga akwatunan da buhunan ya dunƙule su a jikin ƙofar. Ƙyallayen sun sha ruwa sun yi nauyin gawa. Na ja, na tura, na yi ihu. Maɓalli tana cewa, "Mama, ƙafata ta jiƙe." Tana bayana fa, kin san inda ruwan ya kai ke nan.

Na fizgi jakar daga ƙusa na juya barandar baya. Akwai ƙofa a nan da ban taɓa ganin an buɗe ba, don da tsohon firiji ne a jikinta. Sakatar ta yi tsatsa. Na buge ta da dutsen guga har ta saki.

Abin da na gani a waje ba zan manta ba. Ruwan ba a ganinsa, kaya ne kawai ke tafiya a kan titi: gorunan roba, silifa, katifu, tsummokin jarirai, leda tana naɗe ƙafar mutum tana ja. Wasu maza suka ɗaura igiya daga turken wuta zuwa bishiya, da ita muka haye. Maman 'Yan Biyu ta rufin gida aka fito da ita da yaranta. Tsohon nan mai gyaran takalma na ƙarshen layi har yanzu ba a gan shi ba.

An ce gefen gabas na jujin ne ya zame gaba ɗaya. An ce akwai motocin shara da ya rufe, akwai direbobin da ba a ji ɗuriyarsu ba. Wayarsa ba ta shiga. Duk wanda ya shigo da rigar aikinsu sai in tare shi. Ɗaya ya ce ya gan shi a ƙasan tudu yana korar masu tsince-tsince kafin abin ya faru. Wani ya ce a sama ya gan shi. Ban san wa zan yarda da shi ba.

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba. Tun jiya ban ji motsin cikin ba. Ina dannawa, ina shan ruwan sanyi yadda kika taɓa koya mini, shiru.

Ki yi mana addu'a, ki sa Malam ya yi mana. Gobe zan bar Maɓalli wurin maƙwabciya in fara bin asibitoci.

Tela

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ni ne. Ina raye.

Ina asibitin ƙetaren gada. Ƙafata ta dama ta karye wuri biyu, an sa ƙarfe. Ina ƙasa lokacin da tudun ya taho, bakinsa ne kawai ya same ni, ya tura ni jikin wata katanga ya binne ni zuwa ƙugu. Waɗanda na kora su ne suka dawo suka zaƙulo ni. Biyu daga cikin abokan aikina ba su fita ba.

Tela ce ta gano ni. Ina kwance na ji ana faɗa da ma'aikaciyar jinya a ƙofa, na ce wannan muryar na san ta. Da ta gan ni sai ta kama babban yatsan ƙafata mai lafiya ta riƙe. Sannan ta yanke jiki ta faɗi. A nan aka duba ta. Aka ɗora abin saurare a cikinta, aka daɗe ana nema, ni ina jiyowa ta bayan labule. Sai ga bugun zuciya. Ya yi rauni amma yana nan. Sun riƙe ta, jinin ya hau. Tana ɗakin mata, muna aika wa juna saƙo ta bakin mai shara.

Gidan laka ce har taga. An ciro kan kekenta, mai gyara ya ce zai tashi. Sauran duk sun tafi. Ta ce in gaya miki kada ki fara haɗa mana kwalaye. Ta ce abin da jariri zai sa za ta ɗinka da hannunta, sauran kuma idan buƙatarsu ta zo a nema.

An rufe jujin. Oga ya zo dubiya, ya ce an samu sabon fili a wajen gari, nesa da mutane, motoci ma za su fara zuwa can. Ban tambaye shi ina ba ne.

Da an sallame mu za mu zo wurinki, in ɗakin bayan yana nan. Ki gaida Malam.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Na karanta wa Malam, ya yi ta hawaye har na canza masa matashi. Ka gaida Tela, ka ce ta kwanta ta gefen hagu. Ɗaki yana nan.

Sabon filin ba sai ka tambayi oganka ba. Jiya da safe aka kafa turaka a makiyayar da ke bayan gidana, ƙetaren rijiya. Yau motocinku sun zo. Ina tsaye a bakin katanga suka juye na farko. Ɗan tsibi ne, bai kai ƙuguna ba, awaki har sun hau kai suna wasa. Maƙwabta sun ce wannan ai ba komai ba ne.

Ka san Malam ba ya tashi, ni kuma ba zan iya ɗaukarsa da gudu ba. Kai ka san abin nan tun yana rami. Ka gaya mini gaskiya, kada ka ɓoye mini yadda ka ɓoye wa matarka. Shekara nawa yake ɗauka kafin ya kai tsayin gida?

Allah ya ba ku lafiya.

Yayarka